'Yata, Takardar Gwajin Jini Tana Buƙatar Mai Zama da Mutane

  

Saƙonki ya iso gare ni. An ce kin gama sakandare, kuma ranki ya kwanta da aikin ba da shawara kan cututtukan gado. An ce wasu a gida sun yi dariya, suna tambaya wane irin aiki ne wannan, ba likita ba, ba nas ba. Kada ki riƙe su a zuciya. Ba da mugun nufi suka faɗa ba. Abin da mutum bai taɓa gani ba dole ya tambaya. Ni kam na yi farin ciki, kuma zan gaya miki dalili. Ki gyara zama, don maganar tana da ɗan tsawo.

Ki fara duba unguwarku. Da wuya ki rasa gidan da ake da yaro mai yawan kwanciya. Idonsa ya yi ɗorawa, jikinsa bai kai na sa'o'insa ba, da hunturu ya shigo sai kukan ciwon ƙashi cikin dare. Wannan ita ce sikila, amosanin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a Najeriya. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Kuma kusan mutum 1 cikin kowane 4 a ƙasar nan yana ɗauke da rabin gadonta a jininsa, lafiyarsa lau, yawanci bai ma sani ba.

A da, idan mace ta yi ta binne 'ya'ya, sai a ce wabi take yi. A ce iska ce, a ce mayu ne, a ce ƙafarta ce ba ta da kyau. Iyayenmu ba su yi haka don zalunci ba. Iyakar abin da suka sani ke nan. Amma ki dubi abin da rashin sanin ya haifar. An saki matan da ba su da laifi. An yi gaba da maƙwabta tsofaffi. An sayar da akuya da gona wajen neman maganin abin da ba shi ne ba. Ba duk wabi ne sikila ba, don ƙyanda da zazzaɓi da gudawa sun kwashe nasu. Amma da yawa daga cikin waɗannan yara jininsu ne ya zo da lalura, kuma babu wanda ya zauna ya yi wa iyayensu bayani. Wannan gurbin da babu kowa, shi kike so ki shiga.

Bari in tuna miki yadda abin yake, ko da kin karanta a aji, don ina so ki ji shi da Hausar gida. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa ko'ina a jiki. Kowane mutum yana gadon tsarin wannan sinadari sau biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya sami lafiyayyu biyu shi ne AA. Wanda ya sami lafiyayye ɗaya da mai tangarɗa ɗaya shi ne AS, kuma ba mara lafiya ba ne. Wanda ya sami masu tangarɗa biyu shi ne SS. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon yake tasowa. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila takan mutu tsakanin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake.

To, idan AS ya auri AS fa? A nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma a nan za a san gwanintarki. Ki ɗauko ƙwarya biyu, ɗaya ta miji, ɗaya ta mata. Ki sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya a kowacce. Ki ce su rufe ido, kowa ya zaro ɗaya daga tasa. Fari da fari, AA. Fari da ja, AS. Ja da ja, SS. Sannan ki mayar da waken cikin ƙwarya, ki ce wannan ciki ɗaya ke nan, a sake. Za su gani da idonsu cewa ƙwarya ba ta tuna abin da ya fito jiya. Kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zuwa da SS. Wani gidan su haifi biyar babu mai sikila. Wani gidan uku a jere duk da ita. Don haka wanda ya ce miki sai ɗa na huɗu ne ke zuwa da ciwon, ki gyara masa a hankali. Gani ya kori ji.

Ki kuma lura, jan waken nan daga ƙwarya biyu yake fitowa. Uwa ita kaɗai ba ta ba ɗa sikila. Ranar da kika fahimtar da miji da uwar miji wannan, kin sauke wa wata baiwar Allah kayan da ta shekara tana ɗauka ita kaɗai.

Wani zai tambaye ki, me ya sa abin ya yi yawa a wajenmu? Akwai amsa mai sanyaya zuciya. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya yi bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar da sauro ya yi yawa, yara masu AS sun fi tsira, suka girma, suka haihu, gadon ya bazu. Ashe abin da wasu ke jin kunyarsa, da shi Allah ya raya kakanninsu. Ki riƙa faɗa wa masu AS haka. Yana ɗaga musu kai. Amma ki ƙara da cewa kariyar ba cikakkiya ba ce, kada su yar da gidan sauro.

Shi wannan aiki ba tsoho ba ne sosai. Likitocin Turai da Amurka ba su rubuta labarin sikila ba sai 1910, lokacin da James Herrick ya ba da rahoton lanƙwasassun ƙwayoyi a jinin wani ɗalibi baƙar fata a Shikago. Mu kuwa mun daɗe da sanin ciwon a jikinmu. Wani babban likita ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar ciwon a danginsu har zuwa kakannin da suka rayu ɗaruruwan shekaru baya. A 1969 aka buɗe karatun digiri na biyu na farko na masu ba da shawara kan gado a kwalejin Sarah Lawrence ta Amurka. A gida kuma, Farfesa Olu Akinyanju da abokan aikinsa sun kafa Gidauniyar Sikila ta Najeriya a Legas a 1994, kuma cibiyarsu da ke Idi-Araba ta horar da ma'aikatan lafiya da yawa kan yadda ake wannan zama da iyalai. Kin ga ba ke kaɗai ba ce. Akwai sawun da za ki bi.

Kuma lokaci ya zo daidai da ke. A 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma gwajin jinotaif, wato na su AA da AS da SS, yana ciki. Mu da Kano kuwa kasuwa ɗaya, aure ɗaya. A garuruwanmu ma waliyyai da limamai da dama sun fara tambayar takardar asibiti kafin a ɗaura. Wannan ci gaba ne, mun gode Allah. Sai dai takarda ba ta magana, 'yata. Ana miƙa wa saurayi ita da haruffa biyu a jiki, ya fito bakin asibiti ya tsaya, bai san ko hukuncin kisa aka yanke masa ba. Wani ma yana zaton AS ɗin nan wata cuta ce da ake ɗauka. Wani yana haɗa ta da rukunin jini, su O da A da B, alhali kowanne da hanyarsa.

Babbar matsalar ita ce lokacin da ake gwajin. An kai gaisuwa, an kai kuɗin aure, an sa rana, an haɗa lefe, an raba goro, sai saura mako biyu a ce a je asibiti. Idan sakamako ya zo AS da AS a wannan gaɓa, wa zai iya janyewa cikin sauƙi? Zuciya ta riga ta ƙulla, dangi sun riga sun ji. A nan ne shaiɗan yake raɗa wa mutum ya nemi takardar bogi. Mai yin haka ba mugu ba ne, so ne da kunya suka rufe masa ido. Amma wanda zai biya bashin yana can bai zo duniya ba tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan yarinya ta san jininta tun tana aji uku, saurayi ya san nasa tun kafin ya fara zance, tambayar za ta zo tun ana gaisuwar farko, lokacin da rabuwa ba ta da zafi. Rabin aikinki a makarantu zai kasance, da Islamiyyu, da wajen awon ciki, ba a ofis kaɗai ba.

Yanzu ga abubuwan da nake so ki riƙe, don su ne jarin wannan sana'a.

Ki faɗi gaskiya cikakkiya, da taushin harshe. Kada tausayi ya sa ki rage ta, kada son a ji tsoro ya sa ki ƙara mata gishiri. Idan kika ce wa ma'aurata babu komai, kin cuce su. Idan kika ce duk 'ya'yansu za su mutu, kin yi ƙarya, kuma ranar da suka ga wani AS da AS da 'ya'ya lafiyayyu, sun daina yarda da asibiti ke nan, su da duk wanda suka ba labari. Ki ba su wuri su zauna. Ki tambaye su me suka riga suka ji. Ki bar su su yi kuka idan kukan ya zo, kada ki yi saurin cike shirun. In kin gama, ki ce su maimaita miki da bakinsu, don ki san abin da ya shiga. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ki riƙe sirri. A gari irin naku na Kangire kowa ya san kowa. Wadda ta zo gabanki yau, gobe za ku haɗu a gidan suna. Za a zo miki da dabara, a ce ke da kike asibiti, yaya jinin 'yar gidan wane? Mai tambayar wataƙila ƙawarki ce, wataƙila ni ce goggonki. Ki yi murmushi ki sauya zance. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kalma ɗaya daga bakinki tana iya sa yarinya ta rasa manema, a riƙa nuna gidansu da baki. Magana zarar bunu ce. Kuma da zarar an san bakinki yana yoyo, babu mai sake zuwa, sai su koma wa masu takardar bogi.

Ki bar wa mutane hukuncinsu. Wannan shi ne mafi wuya, musamman ga mai ƙuruciya da zafin son gyara. Aikinki ki haska musu hanya: ga abin da zai iya faruwa, ga wahalar rainon mai sikila, ga kuɗin da take ci, ga taimakon da ake da shi. Ba ke ce waliyyiya ba, ba ke ce alƙali ba. Da yawa idan suka fahimta za su haƙura da juna, kuma Allah ya musanya musu. Wasu za su ce sun ji sun gani. Wasu kuma sun riga sun yi aure shekara goma kafin su zo wajenki. Kada ki ɗaure musu fuska. Idan kika kore su da kallo, ranar da jaririnsu ya fara kumburin hannu ba za su kawo shi ba, don kunyar haɗa ido da ke. Ƙofarki ta zauna a buɗe ga wanda ya bi shawara da wanda bai bi ba.

Za ki haɗu da mai cewa, ai komai ƙaddara ce, gwaji shiga hurumin Allah ne. Kada ki yi musu da shi kamar abokin gaba. Imaninsa ne yake magana, kuma imaninki ne ke ma. Ki tuna masa cewa manomi yana zaɓen iri kafin ya shuka, kuma bai fita daga tawakkali ba. Addininmu ya umarce mu da neman magani da riƙon sababi. Ki kusanci malamai da limamai, ki yi musu bayani da ladabi. Abin da liman ya faɗa a huɗuba ɗaya, ke sai ki shekara ba ki isar da shi ba. Haka dagaci da masu unguwanni da ungozomomin gargajiya. Ki gaishe su, ki nemi izininsu. Da ɗan gari akan ci gari.

Kada kuma yaƙi da ciwon ya zama yaƙi da masu ciwon. Akwai yadda ake wa'azin gwaji har mai sikila da ke zaune a wurin ya ji kamar kuskure ne zuwansa duniya. Ki kiyaye wannan. Masu SS suna karatu, suna aiki, suna aure. Mai SS idan ya auri AA, 'ya'yansu AS za su zama, babu mai sikila a ciki. Ki faɗa musu wannan da babbar murya.

Ki kuma koya wa iyaye abin da ke tsawaita rai, don yawancinsa ba mai tsada ba ne. A gano ciwon da wuri. Alamar farko sau da yawa kumburin hannu da ƙafa ne, bayan jariri ya kai wajen wata 6. A cika allurar rigakafi. A kwana cikin gidan sauro. A sha ruwa da yawa, musamman da bazara da lokacin aikin gona. A rufe jiki da hunturu, a daina wanka da ruwan sanyi. A riƙa shan folik asid da penisilin da maganin kariya daga zazzaɓi yadda likita ya tsara. Uwa ta koyi taɓa cikin ɗanta don ta gane idan saifa ta kumbura. Zazzaɓi kuma ba a kwana da shi a gida. Akwai magani mai suna haidiroksiyuriya da ke rage tashin ciwon. A nan kusa da mu, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi bincike kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ana duba gudun jini a kan yaro da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗari a ɗora shi kan wannan magani. A Kano aka yi, da 'ya'yanmu, kuma duniya ta amfana.

Za a tambaye ki ko ana warkewa. Ki ce akwai dashen ɓargo, kuma an fara yin sa a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Ki ce a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai gyara ƙwayar gadon kanta, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Ki faɗa don su san ilimi yana tafiya, kuma don kada wani mai ganye a kwalba ya karɓe musu gona da sunan zai mayar da SS ta koma AA. Babu jiƙon da ke yin haka.

Sikila ce za ta fi cin lokacinki, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai zabiya, wanda shi ma daga uwa da uba yake gado. Akwai ciwon rashin tsayawar jini, wanda yakan bayyana ranar kaciya. Akwai jariran da shawara ke kamawa idan an sa musu kafur a kaya, saboda wani rauni da suka gada a jini. Akwai kuma maganar auren zumunci. Ki taka ta a hankali, don da shi aka gina gidajenmu da yawa, kuma yana da alherinsa. Abin da za ki ce shi ne, 'yan uwa sun fi yiwuwar ɗaukar ɓoyayyen gado iri ɗaya, don haka su suka fi kowa buƙatar gwaji da bin tarihin dangi.

To, ta ina za ki shiga? A asibitocinmu, yawanci nas ko ungozoma ko likita ko ma'aikacin ɗakin gwaji ne ke yin wannan aiki bayan ya sami ƙarin horo. Don haka ki fara da sana'ar da za ta riƙe ki. Ki gyara sakamakonki na kimiyyar halittu da kemistiri da fiziks da lissafi da Turanci. Ga kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a Birnin Kudu, kusa da gida. Ga kwalejin kimiyyar lafiya a Jahun. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Jami'ar Bayero a Kano. Idan kin samu shiga, ki nemi a tura ki asibitin masu sikila da ɗakin yara, ko a asibitin tarayya na Birnin Kudu ko a Dutse ko a Kano. Ki zauna kusa da manya ki ga yadda suke magana. Daga nan ki nemi horon Legas. In Allah ya buɗa, akwai digiri na biyu na wannan fanni a Jami'ar Gana, akwai kuma a Afirka ta Kudu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ki koyi ɗakin gwaji sosai, ko da ba a can za ki zauna ba. Gwaji yana iya kuskure. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata 3 da suka wuce, sakamakonsa yana iya ruɗarwa. Akwai kuma wasu nau'o'in gadon, AC da SC, waɗanda ba kowane ƙaramin gwaji ke rarrabe su ba. Idan takarda biyu suka saɓa, ko aure ya rataya a kan sakamako, ki sa a maimaita a wurin da aka amince da shi. Kuɗin maimaitawa bai kai kuɗin nadama ba. Kuma abin da ya fi ƙarfinki ki miƙa wa likita, babu kunya a ciki.

Ba zan ɓoye miki ba, ba aikin tara dukiya ba ne. Wata rana za a zage ki, a ce ke kika raba auren. Wata rana yaron da kika saba da shi zai rasu, ki je gaisuwa da nauyin zuciya. Ki sami wadda za ki riƙa sauke wa damuwarki ba tare da kin ambaci sunan kowa ba. Ki riƙe sallarki, ki huta idan kin gaji. Amma akwai wani abin da za ki samu wanda albashi ba ya saye. Uwar da ta daina zargin kanta za ta yi miki addu'a. Yaron da aka ce ba zai kai ko'ina ba zai zo ya nuna miki takardar shiga jami'a.

In kin yi karatun, ki tuna da gida. Legas da Abuja suna da nasu. Matar da ke ƙauyukan Gwaram, wadda ba ta jin Turanci kuma ba za ta buɗe cikinta ga namiji baƙo ba, ke take jira. Kin san gaisuwarta, kin san abin da take jin kunyar faɗa. Wannan ilimi ne da ba a koyarwa a aji, kuma kin riga kin samu.

Kafin komai, ki je a gwada naki jinin, ki ja ƙannenki ku tafi tare da izinin mahaifinku. Ki ji yadda zuciya ke bugawa kafin a miƙo takarda, don ki san halin da masu zuwa gabanki za su kasance a ciki. Sannan ki zauna da iyayenki ki yi musu bayanin aikin nan da haƙuri. Su ne mutanen farko da za ki fahimtar, kuma albarkarsu ce guzurinki.

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya ba ki ilimi mai amfani da harshe mai sanyi. Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba iyayensu juriya da lada. Ki gaida mutanen gida.

Goggonki mai ƙaunarki.